Itacen Rogon Ija Ikiring

Ƙanwar mahaifinmu ce, shi ya sa muke ce mata Ija, wato gwaggo a harshenmu, amma a ƙauyenmu Akworot har waɗanda suka girme ta Ija suke ce mata. Sunanta Ikiring. 'Yar gajeruwar mace ce mai faffaɗan tafin ƙafa, ba ta fita sai da adda a hannu. Ko coci za ta shiga, sai ta jingine addar a gindin mangwaron ƙofa, kamar mai tsoron kada rogo ya tsiro a hanya ta rasa abin sara. Ni Asekenye a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata, kuma har yau gonata da tata iyaka ɗaya ce, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ina yarinya ɓarayin shanu suka share garken ƙasarmu kaf. Ba mu gama kukan shanu ba ciwo ya faɗa wa rogo, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, ka tona ka tarar da saiwa kamar yatsa. Mu kuwa mutanen Teso idan ba a tuƙa atap ba, tuwonmu na garin rogo da tamba, to ba a ci abinci ba ranar. A cikin yunwar nan mijin Ija ya rasu. Da aka share makoki ta damƙa wa mahaifiyarmu 'yarta Akurut, ta bi masu kwalekwale ta haye tafkin Kyoga, ta yi ƙodago a gonakin mutanen can. Duk wanda ya je irin wannan tafiya da garin rogo yake dawowa. Ita da aka zo sallamarta sai ta ce a ba ta itacen wani rogo da ta ga ciwon bai taɓa ba. Ta shigo gari da dami a ka, wuya ya sanƙare, mutane suna ta dariya wai Ikiring ta haye tafki ta ɗebo itacen girki alhali ba abin dafawa.

Ta sassara ta dasa. Rogon ya tsaya kore shar a tsakiyar gonakin da suka mutu. Masu dariyar nan su ne suka fara zuwa roƙo, ba ta tuna wa kowa komai ba, ta ba su. Rogon da muke ci ke nan tun daga lokacin, kuma ba shi da wani suna a wurinmu sai Ikiring.

Itacen rogo a Akworot ba a sayar da shi, ba a hana wanda ya roƙa, wanda aka miƙa wa kuma ba ya mayar da hannu. Ba a yin godiya da baki, tsofaffi sun ce itacen da aka gode wa ba ya kama ƙasa. Godiyar ita ce in shekara ta zagayo ka yanko 'yan sanduna daga gonarka ka kai wa wanda ya ba ka, ka ce ka kawo 'ya'ya su gai da uwarsu, shi kuma ya dasa su a cikin nasa. Amarya ma ba ta tafiya gidan miji sai da dami. To da yake kusan kowa a wurin Ija yake karɓa, kowa wurinta yake mayarwa. In damina ta matso, ƙofar gidanta ta fi kasuwar Asabar cika, kekuna jingine ko'ina, ita tana tsakiya tana sara tana masifa.

"Kai Oluka, bara ma na ba ka, akuyarka ta cinye ko kai ka cinye? Kawo igiyar, tsohon banza."

"Ija, in na mutu wa za ki riƙa zagi?"

"Ɗanka yana nan, ai ya gaje ka."

Haka take da kowa. Ba ta da saniya, ba ta da kwano a rufin ɗaki, amma ba a yanke magana a gari ba a aiko mata ba, kuma in ana shan ajon, giyar tamba, ita ake fara miƙa wa tsinken zuƙa.

Ƙanena Emokor shi ne ɗan lelenta. Ƙwaƙwalwa gare shi, amma ka aike shi ɗaure akuya sai ka tarar ya ɗaure igiyar a turke akuya tana gonar mutane. Ya yi karatun lissafi a Kampala, ya wuce Afirka ta Kudu ya ƙaro, ya dawo da gilashi da sanƙo tun bai yi aure ba. Ija ta taɓa tsare shi ta ce ya faɗa mata abin da yake lissafawa, tunda dai shanu ba mu da su. Ya ce yana lissafa yadda sabon abu ke yaɗuwa a cikin jama'a. Ta ce in gulma ce ya je wurin matar limamin coci, ba sai an shiga jirgi ba.

Ciwo na biyu ya shigo mana ba sallama. Shi ba ya nannaɗe ganye kamar na da. Gona tana nan kore, ka tono rogo ƙato mai kyan gani, sai ka sa wuƙa ka ga cikinsa ya yi tabo-tabo, ruɓa busasshiya mai launin tsatsa, ko alade sai ya shinshina ya wuce. A gonar Oluka muka fara gani, sai ga shi a gonaki biyu, sai ya zama ba a ƙirgawa. Duk wanda abin ya sama sai ya ce irinsa ne ya gaji, ya tuge ya zubar, ya ɗauki keke ya nufi gidan Ija, don ita kaɗai ce ba a taɓa jin ta tono ruɓaɓɓe ba. Ba ta taɓa rabon itace kamar na shekarun nan ba. Har daga ƙauyukan da ba mu san sunansu ba ake zuwa.

Ana cikin haka Emokor ya zo da wasu abokan aikinsa, suka bi gida gida suna tambaya: wa ya ba ki iri, ke wa kika ba? Suka tsinki ganye a kowace gona suka zuba a 'yan ledoji suka tafi. Mutane suka yi ta murna an zo kawo magani. Shiru, shiru, har damina ta wuce aka shiga rani.

Ranar da ya dawo shi kaɗai ya zo. Da rana tsaka ya sauka daga babur a ƙofar gidana, na kawo masa atap da miyar gyaɗa, ya yi loma biyu ya ture kwanon. Na ce lafiya? Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini ɗige-ɗige da zare-zare cike da fuskar gilashin. Na ce ya rufe abin nan ya yi mini magana irin ta mutane. Sai ya tashi ya kifar da kekena, ƙafafu a sama.

"Yaya, ƙwayar ciwon nan tana haihuwa a cikin rogo, kuma ba kullum 'ya'yan ke fitowa daidai da uwar ba. Wani lokaci ɗaya ya fito daban. Yawanci na daban ɗin a gonar da ya fito yake mutuwa, ba wanda ma zai sani. Da kowa maƙwabcinsa kawai yake ba iri, kamar ragar kamun kifi, ƙulli zuwa ƙulli, ko mugu ne ya fito rarrafe zai yi, sau da yawa ya mace a hanya." Ya juya ƙafar keken. "Amma mu ba raga ba ne. Haka muke. Dubi wayoyin nan, kowace daga baki take tasowa, ina suka haɗu?"

"A cibiya."

"Duk abin da ya fito a kowace gona, shekara na zagayowa za a kai shi ya gai da uwarsa. In mai rauni ne, a can zai ɓace. In mai ƙarfi ne, daga can za a raba wa kowa. Na sa na'ura ta buga abin ta sake bugawa, na canza wannan na canza wancan, don in ga ko zai fito wata hanya. Da zarar ya shiga cibiya, ba ya komawa."

Na gane gidan Ija yake nufi da cibiya. Na ce masa ƙarya lissafinsa yake yi, gonar Ija lafiyarta ƙalau, jiya ma na ci rogonta. Ya ce ganyenta da aka gwada duk yana ɗauke da sabon ciwon. Ruɓar sai rogo ya daɗe a ƙasa take cin ƙarfinsa. Mu muna barin namu a ƙasa ya zama rumbu, mu riƙa tona kaɗan kaɗan har tsakiyar wata shekarar. Ita kuwa masu roƙo ba sa barin nata ya tsufa, da an sare itacen sai ta tone ta shanya a kan dutse. Shi ya sa ba ta taɓa gani ba.

Na zauna ina kallon ƙafar keken tana juyawa har ta tsaya da kanta.

"Ke za ki faɗa mata," in ji shi. "Ta fi jin maganarki."

"Kai tafi can! Kai aka kashe wa kaji ana murnar ka gama karatu, kai za ka faɗa. Raka ka dai zan yi."

Muka same ta a inuwar rumbu tana wasa adda. Na durƙusa na gaishe ta, shi ya zauna a kan turmi yana ta kewaye-kewaye, ya kawo zancen raga, ya kawo na keke. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ajiye dutsen wasa.

"Wato ni ce mayyar garin."

"A'a Ija, ba ke ba ce. Yadda hanyoyin suka haɗu ne."

"Hanyoyin a gidan uban wa suka haɗu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya kawo mini ciwon?"

"Ba a iya ganewa. Kowa ma zai iya zama, shi ma bai sani ba."

"To faɗa mini abin yi, sarkin lissafi."

"Ki daina bayarwa, ki daina karɓa. Na gonar kuma a tuge a ƙona. Zan nemo miki mai tsabta daga wurin masu binciken iri, kafin ruwa."

"In na yi haka gari zai tsira?"

Na harare shi don ya ce e, kowa ya huta. Amma Emokor bai iya ƙarya ba, abin da ya hana shi samun mata ke nan. Ya ce da bara waccan aka yi, da an tsira. Yanzu a cikin goma, tara ya riga ya wuce mu. Sai dai ƙauyukan nesa da bai kai ba tukuna, su ana iya ceto.

"Bara waccan kana ina?"

"Ina neman wanda zai biya a yi gwajin, Ija."

Ta miƙe tsaye. Ba ta zage shi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ɗauki addarta ta shige gona.

Sati bai cika ba sai ga Akurut, 'yarta ɗaya tilo, ta taso daga gidan mijinta can arewa wajen Katakwi, ta tuƙo keke tun safe da igiya a ɗaure a baya. Garinsu na cikin waɗanda Emokor ya ce ciwon bai kai ba. Ina tsakar gidan aka yi. Ta gaisa, ta sha ruwa, ta miƙe ta kwance igiya kamar kowace shekara.

"Mayar da igiyarki," in ji Ija. "Bana babu."

Akurut ta yi dariya ta nufi gona. Ija ta sha gabanta.

"Na ce babu."

"Toto, wasa kike? Ga shi nan ya fi ni tsawo!" Toto shi ne inna a bakinmu.

"Ciwo gare shi."

"Wane ciwo? Ganye kore shar? Wa ya ce?"

"Emokor."

"Emokor! Mutumin da ko fartanya bai san ina ne gabanta ba? Toto, ni fa 'yarki ce. Bare ya zo ki cika masa keke, ni in koma in ce wa uwar mijina me? In ce uwata ta hana ni itacen rogo?"

"Ki ce mata haka."

Ni da ke bayanta na ga yadda ta damƙe ƙotar addar nan. Akurut ta fita tana kuka tana tura keke. Ba ta yi nisa ba Oluka ya gan ta, ya tambaya, ta faɗa masa. Mutumin kirki ne Oluka, ba ya iya ganin 'yar Ija tana kuka a hanya. Ya shiga gonarsa ya saro mata dami biyu, ya ɗaure mata da hannunsa, ya ce ai duk na uwarta ne. Na fito da gudu ina kira, ta riga ta hau ta ba ni baya. Na tsaya a tsakiyar hanya ina zagin Oluka, ina zagin Emokor, ina zagin lissafi da wanda ya ƙirƙiro shi, ba abin da zagin ya tsayar.

Kafin yamma gari ya ɗauka. Wasu suka ce mutanen Kampala sun saye gonar. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa mata kai. Emokor ya tara mutane bayan coci ya yi musu bayani da ƙafar keke, suka saurara da ladabi, wani ya tambaye shi to me za su dasa in sun ƙona nasu. Ya ce ana ƙoƙari. Suka watse. Ni ban ga laifinsu ba, ba a cin ƙoƙari da miya.

Ija dai ta yi nata. Ita kaɗai ta tuge gonar nan, ta hana ni sa hannu. Ta tara itacen ya bushe, rannan da hantsi ta cinna masa wuta. Mutane suka tsaya daga nesa suna kallon hayaƙi, ba wanda ya matso. Daga ranar ƙofar gidanta ta yi tsit. Ba gaba ake da ita ba, kawai ba abin da zai kawo mutum. Sai ta zauna a gindin rumbu da adda a cinya, in ta ji ƙarar keke ta ɗago kai, keken ya wuce. Abin yana cin raina.

Emokor ya yi iya yinsa, wannan zan shaide shi. Ya koma birni ya bi ofis ofis, kullum sai ya bugo mini waya: an ce sati mai zuwa, an ce mota ta lalace, an ce na bana an riga an raba wa wasu gundumomi. Daga baya ya samo ɗan dami da kansa, ya sako shi a saman motar haya. Motar ta kwana biyu a hanya cikin rana, kafin ya iso itacen ya bushe ƙayau, ka karya ka ji ƙas. Ya zauna a ƙofar ɗakina da damin a gabansa ya ce mini ko da ya iso da ransa, 'yan fararen ƙudajen da ke bin ganye za su ɗebo ciwon daga gonata su kai masa kafin shekara biyu, tunda duk na kewaye da Ija suna da ciwon.

"To don me ka sa ta ƙona?"

"Saboda na nesa."

"Na nesa Oluka ya riga ya aika musu."

Ya cire gilashi ya rufe fuska da hannu. Na ce masa in ya kuskura ya faɗa wa Ija zancen ƙudajen nan sai na fasa masa kai da muciya.

Ruwa ya sauka, ya sake sauka. Kowa ya fita dashe, gonar Ija tana nan baƙa da toka, ciyawa ta fara leƙowa. Ba ta da tamba da za ta kai ta ko rabin shekara, kuma ita ba mai zama a ciyar da ita ba ce. Wata safiya na gan ta ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci, ta naɗa gammo, ta ɗauki igiya. Na bi ta a baya ba tare da ta ce in zo ba.

Gidan farko ta tsaya daga ƙofa ta yi sallama. Tun da aka haife ni ban taɓa jin bakin Ija ya roƙi itacen rogo ba, ita ma kamar ba ta san yadda ake fara maganar ba.

"Ko kuna da wani iri," ta ce, "wanda ba nawa ba?"

Matar gidan ta yi guɗa. "Ija ce da kanta! Wane iri kuma ya wuce naki? Ku kawo adda!" Kafin ta sake buɗe baki an saro an ɗora a kan igiyarta. Ba a mayar da hannu, ta karɓa.

Gida na gaba haka, na gabansa haka. Kowa farin ciki yake, kamar an yafe masa wani laifi. Duk inda ta tambayi wani iri sai a yi dariya, a ce tun yaushe aka zubar da waɗancan. Har Oluka ya fito da nasa a kafaɗa yana cewa yau dai 'ya'ya sun ga uwarsu ta zo da ƙafarta. Ba ta zage shi ba. Muka zaga garin nan har bakin fadama, ba mu sami sanda ɗaya da ba Ikiring ba.

Ta dawo da dami a ka, wuya a sanƙare, ta hanyar da ta shigo da na farko. Emokor yana tsaye a bakin gonar. Ta sauke a gabansa, ta kwance igiya, ta zaro sanda ɗaya ta juya ta a hannu. Lafiyayya a ido, idanun sandar duk sun kumbura za su tsiro.

"Ciwon yana ciki?"

"Yana ciki, Ija."

"Kana da wani?"

Ya girgiza kai.

"To riƙe nan."

Ta miƙa masa. Ya tsaya da hannuwa a baya kamar ɗan makaranta, ita kuma ba ta sauke nata hannun ba. Ɗan Akworot ne, ya san ba a mayarwa. Ya karɓa.

Ni na riƙa sassarawa, ita tana gaba tana sara rami da fartanya, Emokor yana bin ta a baya da takalmin birni yana sakawa yana turbuɗewa da ƙafa. Haka muka yi har muka kai ƙarshen gonar.